Ku Tambaya Mu Amsa: Fasfo a aljihu ko a akwatin otal?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Shekara tara ina sayo kaya daga Chaina ta hannun mutane, sai bana Allah ya nufa zan je Guangzhou da ƙafata. Yayana ya ce da na sauka in kulle fasfo a ɗakin otal, in riƙa yawo da kwafinsa, wai ai su ma da suka je Hajji ba wanda ya riƙe fasfonsa har suka dawo. Abokina kuma ya ce ko ruwa zan fita saye kada in bar shi. Ni dai tsorona kada ya ɓace mini a cikin kasuwa. Maganar wa zan bi?
Mai karatu daga Kano

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa a je a sa'a a dawo da riba. A wannan tafiya dai abokinka ne da gaskiya. A gaida Yaya, amma a faɗa masa Makka daban, Guangzhou daban.

Abin da ya gani a Hajji tsari ne na musamman. An saba da alhazai sun sauka a Jidda ko Madina sai a karɓi fasfunansu a damƙa wa ofishin muɗawwifi, su kuma a ba su katin shaida da abin ɗaurawa a hannu. Daga Hajjin 2024 ma an ƙara da katin Nusuk, wanda sai da shi ake shiga wuraren ibada. Wato hukuma ce da kanta ta karɓi fasfon ta ba ka madadinsa. A Chaina ba wanda zai ba ka madadi. Dokarsu ta shige da fice, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2013, ta ce duk baƙon da ya kai shekara 16 dole ya riƙa tafiya da fasfonsa, ya kuma nuna wa ɗan sanda in ya nema. Fasfon kansa ake nufi, mai koren bango. Kwafi yana iya sa ɗan sanda mai sauƙin kai ya ƙyale ka, amma wannan alfarma ce, kuma ba a gina tafiyar kasuwanci a kan alfarma.

Unguwannin da mutanenmu suka fi sauka, Xiaobei da Sanyuanli, nan ne kuma aka fi tsayar da baƙi ana duba takardu, saboda an daɗe ana fama da masu zama bayan bizarsu ta ƙare. Ɗan sandan da ya tare ka bai san kai mai shago ne a Kwari ba. Abin da yake son gani shi ne shafin biza da hatimin ranar da ka shigo. Wanda ya wuce wa'adinsa tarar yuwan 500 ce a kowace rana, har zuwa yuwan 10,000, ko kuma a tsare shi kwana 5 zuwa 15. In ba ka da fasfo a jikinka, ta yaya za ka nuna ba ka cikinsu? Sai a ce mu je ofis. Ko da a ƙarshe an sallame ka da haƙuri, yinin ya tafi, mai kayan da kuka yi alkawari da shi ya gaji da jira.

Ni kaina na taɓa cin wannan kwakwa. Tafiyata ta farko, irin tsoron nan naka ya sa na kulle fasfo a ɗan akwatin ƙarfen da ke cikin ɗaki, na ɗauki kwafi na ninke a aljihun gaba, na nufi tashar jirgin ƙasa zan je Yiwu, wani garin kasuwanci a Chaina. Na yi layi har na iso gaban tagar, matar ta karɓi takardar, ta juya ta gaba da baya, ta turo mini ita ta ƙarƙashin gilashi tana girgiza kai. Ba ta jin Turanci, ba na jin yarensu, mutanen bayana sun fara tsaki. Haka na koma otal a tasi, na dawo na tarar jirgin ya daɗe da tashi. A can tikitin jirgin ƙasa da lambar fasfonka ake yankarsa, da fasfon kuma kake wuce ƙofa. Canjin kuɗi a banki, sayen layin waya, kama ɗaki, karɓar katin shiga baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou a Afrilu da Oktoba, duk sai da shi.

Wani abu da masu zuwa karon farko ke mantawa: in a otal ka sauka, su za su yi maka rajista da 'yan sanda, shi ya sa suke karɓar fasfo su ɗauki hotonsa a wurin karɓar baƙi. Ka tsaya a ba ka abinka kafin ka hau sama. In kuwa gidan wani ɗan'uwa za ka sauka don rage kashe kuɗi, to cikin awa 24 sai kun je ofishin 'yan sandan unguwar an rubuta sunanka. Mutanenmu da yawa nan suke faɗawa.

Ba ko'ina haka take ba, don kada wani mai karatu ya ɗauka doka ɗaya ce a duniya. A Ingila ba dokar da ta tilasta maka yawo da shaida, kana iya barin fasfo a masauki ka sha iskarka. A Jamus dole ka mallaki takarda mai aiki, amma ba dole tana jikinka kullum ba, sai dai in an tambaya ba ka da ita ana iya raka ka har inda take. Holan tun 2005 ta wajabta wa duk wanda ya kai shekara 14 nuna shaida in ɗan sanda ya nema. Japan kuwa tana da tsanani a kan baƙi masu ziyara, rashin fasfo a jiki na iya jawo tarar da ta kai yen 100,000. Saboda haka kafin kowace tafiya, dokar ƙasar da za a je ake tambaya.

Sai batun tsoronka, wanda yana kan hanya. Yawancin fasfon da ke ɓata ba a jikin mutum yake ɓata ba, a jaka ne: an ajiye ta a kan kanta ana taya kaya, ko an manta ta a kujerar tasi. Aljihun gefe na kaftani ma bai da amana a cikin cunkoso. Ka nemi irin lalitar nan ta yadi da ake ɗaurawa a ƙugu ko a rataya a wuya ta cikin riga, ka sa fasfon a leda tukuna, don zafin Guangzhou mai gumi ne, kuma fasfon da ya jiƙe har hoto ya dame daidai yake da wanda ya ɓata. Kuɗin cefane su zauna wani wuri daban, kada ka riƙa zaro lalita a gaban jama'a duk sanda za ka biya kuɗin shayi. Kada kuma ka ba wa dillali ko tafinta ko mai haɗa kaya fasfonka ya tafi da shi, komai daɗin bakinsa. In yana bukatar lamba, ga kwafi.

Kwafin nan da Yaya ya ce, ka yi shi, a nan ne amfaninsa yake. Shafin hoto da shafin biza, guda biyu-biyu: ɗaya a akwatinka, ɗaya a gida wurin iyali, sannan ka ɗauki hotonsu a waya har da hatimin shiga bayan ka sauka. In ƙaddara ta faɗa, Allah ya kiyaye, za ka fara kai rahoto wurin 'yan sanda, ka karɓi takardar shaidar ɓatan fasfo daga ofishinsu na shige da fice, ka kai ta ofishin jakadancin Najeriya su ba ka takardar tafiya ta gaggawa, wadda gida kawai take kawo mutum. Bayan nan ma sai ka sake komawa wurin hukumar Chaina ta buga maka izinin fita, tunda bizarka ta tafi tare da tsohon fasfon. Mai kwafi a hannu zirga-zirgar nan takan zo masa da sauƙi, tunda tambayar farko a kowane teburi ita ce lambar fasfon da ranar da aka shigo.