Tambaya da Amsa: Yaya Baƙo Zai Shiga Da'irar Kiɗa ta Ranar Lahadi a Washinton?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne daga Zariya, ina karatu a Washinton, babban birnin Amurka. Duk ranar Lahadi da yamma, idan na bi ta wani lambun shaƙatawa da ake kira Malcolm X, sai in tarar da mutane sun yi da'ira suna kaɗa ganguna, wasu suna rawa a tsakiya, amma babu mawaƙi, babu kuma wanda ake yi wa biki. Ina da kalangu da na zo da shi daga gida, kuma na ɗan iya shi. Mene ne asalin wannan taro, kuma ta yaya baƙo irina zai shiga ba tare da ya yi abin kunya ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Mamakin da ka yi yana kan hanya, domin a ƙasar Hausa kiɗa yana da mai shi, yana kuma da dalili. Tambari na sarki ne, kalangu an san shi da mahauta da dandalin samari da 'yanmata, gangar noma tana bin gayya zuwa gona, kiɗan ƙwarya da shantu kuwa na mata ne a cikin gida. Makaɗi galibi ya gaji sana'ar, shi yake kaɗawa, sauran jama'a su saurara, su yi rawa, su yi masa kyauta. Abin da ka gani a Washinton ya saɓa wa wannan tsari, saboda a da'irar kiɗa ba a raba makaɗi da ɗan kallo: duk wanda ya zo da ganga ko ƙararrawa ko caki yana iya zama a cikin sahu, kuma kiɗan ba shi da wani wanda ake yi dominsa sai waɗanda suke wurin.

Wannan lambu, wanda sunansa na hukuma Meridian Hill, yana kan titi na 16, kuma da'irarsa tana cikin mafi daɗewa a Amurka. Masu halartarta suna danganta farawarta da kisan da aka yi wa Malcolm X, shahararren mai fafutukar 'yancin baƙaƙen fatar Amurka, a ranar 21 ga Fabrairu, 1965, lokacin da baƙaƙen fatar birnin suka riƙa taruwa a wurin da gangunansu. Tushen abin kuwa ya fi haka zurfi. Bayan tawayen bayi na Stono a 1739, mahukuntan Karolina ta Kudu sun kafa doka a 1740 wadda ta hana bayi mallakar ganga, domin suna tsoron a yi amfani da ita wajen kiran juna zuwa tawaye. A New Orleans kuma, dokar birni ta 1817 ta taƙaita taron bayi ga ranar Lahadi a fili guda, wanda ake kira Dandalin Kongo, inda suka ci gaba da kiɗa da rawa irin na ƙasashen da aka rabo su da su. Na kawo maka wannan tarihi ne domin ka san cewa da yawa daga dattawan da ka gani a zaune a lambun suna ɗaukar kiɗan a matsayin gadon da aka taɓa ƙwace wa kakanninsu, kuma wanda ya san haka zai shiga wurin da ladabin da ya dace.

Gangar da za ka fi gani ita ce jembe, wadda asalinta daga ƙasashen Mali da Gini ne, ana sassaƙa ta daga gungume guda a rufe ta da fatar akuya, a kaɗa ta da hannu. Ɗan Najeriya yana da hannu babba wajen yaɗa kiɗan Afirka a Amurka, wato Babatunde Olatunji, wanda ya isa Atlanta karatu a 1950, ya fitar da faifan da ya yi fice a 1960, ya kuma shafe shekaru yana koyarwa har rasuwarsa a 2003. Shi ne ya yaɗa hanyar koyar da sautukan ganga da baki: "gun" ko "dun" ga sauti mai kauri na tsakiyar fata, "go" da "do" ga sautin gefe, "pa" da "ta" ga mari mai kaifi. Idan ka ji wani a wurin yana rera waɗannan kalmomi ga sabon shiga, darasin nan ne yake ba shi.

Da'irar kiɗa iri biyu ce. Akwai mai jagora, irin wadda ake shiryawa a makarantu da wuraren aiki da gidajen kula da tsofaffi, inda mutum guda yake tsayawa a tsakiya yana nuni da hannu a ɗaga sauti, ko a sassauta, ko a tsaya; Arthur Hull na Kalifoniya yana cikin waɗanda suka tsara wannan hanya. Ta lambun Malcolm X ba haka take ba, domin babu wanda aka naɗa jagora. Sai dai rashin jagora na fili ba ya nufin rashin manya. Idan ka lura da kyau za ka ga akwai 'yan mutane da suka daɗe suna zuwa, su ne suke riƙe da manyan ganguna masu kaɗawa da sanda, waɗanda ake kira dundun, kuma kowa da su yake daidaita hannunsa.

Shawarata ta farko ita ce ka bar kalangunka a cikin jaka a zuwan farko, ko aƙalla na rabin sa'a. Baƙo makahon gari ne, kuma a wannan wuri kunne ne zai yi maka jagora. Ka tsaya a bayan da'irar ka nemi bugun da ke ƙarƙashin dukkan hayaniyar, wanda galibi babbar ganga ko ƙararrawar ƙarfe take riƙe da shi, ka bi shi da ƙafarka har sai ya zauna maka a jiki. Idan an tsagaita, ka gaisa da wanda ke kusa da kai, ka gaya masa daga Najeriya kake, ka nuna masa kalangun, ka tambaye shi inda ya dace ka tsaya. Wannan gaisuwa da neman izini, waɗanda ka saba da su tun daga gida, su ne za su buɗe maka ƙofa fiye da gwanintar hannu.

Idan ka fara kaɗawa, ka ɗauki salo gajere ka yi ta maimaita shi a hankali, kada ka shiga da gwaninta. Kuskuren da sababbin shiga suka fi yi shi ne cika kowane gurbi da bugu, da kuma ƙara sauri ba tare da sun sani ba, har su ja da'irar gaba ɗaya ta rikice. Ma'aunin da nake ba ɗalibaina shi ne: idan ba ka jin gangar mutumin da ke gefenka, to kai ne ka yi ƙarfi da yawa. Idan ka ɓace, ka dakata, ka sake nemo babbar ganga, sannan ka koma.

A kan kalangu zan ɗan tsawaita, domin a nan ne kake da abin da yawancinsu ba su da shi. Kalangu ba zai iya gasar ƙara da jembe ashirin ba, kuma idan ka matsa masa sai ka fasa fatar a banza. Ƙarfinsa yana cikin muryarsa, wadda take hawa da sauka idan ka matse ko ka saki igiyoyinsa a hammata, abin da jembe ba ta iya yi. Don haka ka tsaya kusa da masu ƙararrawa da caki, nesa kaɗan da masu marin jembe, ka jira guraben da ke tsakanin bugun manyan ganguna ka jefa gajeruwar jimla, kamar yadda makaɗi yake amsa wa mawaƙi a gida. Babu wanda zai gane ma'anar taken da ka kaɗa, amma za su ji cewa gangar tana magana, kuma sau da yawa wani zai amsa maka da tasa. Idan hakan ta faru, ka ba shi amsa sau biyu ko uku, sannan ka koma kan salonka ka bar wa wani fili. Ka kuma tuna cewa iskar Washinton tana da laima sosai a watannin zafi, fatar kalangu kuwa tana saki da danshi, saboda haka ka ajiye shi a busasshen wuri, kada ka ɗora shi a kan ciyawa.

Tsakiyar da'irar ta masu rawa ce. Kada ka ratsa ta, kada ka tare hanyar shigarsu, kuma idan mai rawa ya fuskanci wani makaɗi, tsakaninsu ne, kai aikinka ka riƙe bugun da suke takawa a kai. Akwai wata gajeruwar jimla mai kaifi da gwanayen jembe suke kaɗawa don sanar da sauyi ko tsayawa. Bayan zuwa biyu ko uku kunnenka zai riƙa kama ta.

Idan aka ba ka aron jembe, ka cire zobe da agogo kafin ka taɓa fatar, kada ka kaɗa ta da sandar kalangunka, ka kuma karkata ta tsakanin gwiwoyinka yadda gindinta zai rabu da ƙasa sautin ya fita. Gangar wani ba a taɓa ta sai da izininsa, ko da ya tashi ya bar ta. Ka riƙe abin toshe kunne a aljihu, domin ƙarar da ta haura desibel 85 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) tana cutar da ji idan aka daɗe a cikinta, tsakiyar da'ira mai cika kuwa tana wuce haka.

Saura batun addini da ɗabi'a, wanda na san yana ranka ko da ba ka faɗa ba. Wuri ne na kowa da kowa, za ka iya ganin shiga ko shaye-shayen da ba ka yarda da su ba, wani lokaci kuma wasu su zuba ruwa a ƙasa don tunawa da kakanni. Babu wanda zai tilasta maka shiga cikin wannan, kuma ja da baya cikin natsuwa ba laifi ba ne a wurinsu. Taron yakan fara ne da misalin ƙarfe uku na yamma a watannin da babu sanyi, ya ci gaba har duhu ya shiga, don haka ka yi sallar Azahar ka je da wuri, lokacin da mutane ba su cika ba kuma dattawan suna da sararin magana da kai, ka yi sallama da su kafin Magariba.