Hibiskus ɗina na zubar da fure tun bai buɗe ba, me zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata uku ke nan da na sayi furen hibiskus ja a wajen masu sayar da furanni a bakin titi a Kaduna. Yana cikin baƙar robar da na saye shi a ciki, na ajiye shi a tsakar gida kan siminti. Safe da yamma nake ba shi ruwa, har takin zamani na zuba masa. Amma ƙullin furen sai ya faɗo tun bai buɗe ba, ganyen ƙasa kuma sai rawaya yake yi. Maƙwabciyata ta ce ai zoɓo ne, shekara ɗaya yake yi ya mutu. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Maƙwabciyarki ba ta yi nisa da gaskiya ba, domin dangi ne. Yakuwar da ake samun zoɓo a jikinta, da rama, da kuɓewa, har da auduga, duk gida ɗaya suka fito da shi. Ki dubi furen kuɓewa da safe za ki ga yadda suke kama. Sai dai yakuwa damina ɗaya take yi, shi kuwa naki, wanda masana ke kira Hibiscus rosa-sinensis, ƙaramin itace ne mai shekaru, kuma shi ne furen da ƙasar Maleshiya ta ɗauka alamarta tun 1960. Idan fure ya buɗe yau gobe ya yanƙwane, wannan ɗabi'arsa ce, kwana ɗaya ko biyu yake yi. Zubar ƙulli tun bai buɗe ba ita ce matsalar.

A ganina ciwon yana ƙasa, wajen saiwa. Baƙar roba a kan siminti, musamman da bazara, zafi take sha ta sama da ta ƙasa. Ki ɗora tafin hannunki a jikinta da azahar, za ki ji abin da saiwar take ji. To ga zafi, ga ruwa sau biyu kullum a ƙasar da wataƙila ba ta tsanewa. Saiwa tana buƙatar iska kamar yadda take buƙatar ruwa, in ta daɗe cikin caɓi sai ta ruɓe, ta kasa jan ruwan da ke kewaye da ita. Shukar da ta shiga wannan hali, furen take fara yarwa, sai tsofaffin ganye. Mutane da yawa in suka ga ganye ya langaɓe sai su ƙara ruwa, a nan ake ƙarasa ta.

Ki kifa robar a hankali ki zare shukar da ƙasarta. Lafiyayyar saiwa fara ce, da ƙwari. Wadda ta yi baƙi, ta yi laushi, tana tsami, ki yanke ta da wuƙa mai tsabta. Sannan ki mayar da shi tukunyar ƙasa mai huji a gindi, wadda ta ɗara robar kaɗan kawai, don babbar tukunya ruwa take riƙewa. Ni tukunyar ƙasa na fi so, saboda dalilin da ya sa ruwan randa ke sanyi. Ki haɗa ƙasar lambu kashi biyu, yashi mai tsakuwa kashi ɗaya, takin dabbobi da ya ruɓe sarai kashi ɗaya. Ki ɗora tukunyar kan bulo biyu don ta rabu da siminti.

Ruwa kuwa, yatsa ne ma'auninki. Ki cusa shi zuwa gaɓa ta farko: in kin ji danshi ki bari, in a bushe yake ki zuba har ya fito ta hujin. Da bazara hakan zai iya zama kullum, da damina ko sanyi kuwa sai a yi kwanaki. Yana son rana kamar awa 6, amma ta safe zuwa azahar. Gindin katangar da ke yi masa inuwa bayan azahar ya fi masa. In kin samo wurin ki bar shi nan, yawan ɗauke-ɗauke ma na sa shi zubar da ƙulli.

Takin zamanin nan ki dakatar da shi tukuna, sai kin ga sabon toho. NPK 15-15-15 da aka fi samu a kasuwa, sinadarin tsakiya, wato fosfaros, ya yi wa hibiskus yawa. Na ƙarshen, fotashiyam, ya fi so. In wannan NPK ɗin kaɗai gare ki, ɗan kaɗan a bakin tukunya, nesa da jikin itacen, bayan kin ba da ruwa.

Ki kuma riƙa juya ganyen kina duba bayansa da wuyan ƙullin. In kika ga kiyashi na hawa da sauka, akwai ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan shuka, wasu kore, wasu fari kamar ɓurɓushin auduga. Ki wanke su da ruwa, ki fesa ruwan sabulu marar ƙarfi ko jiƙon 'ya'yan darbejiya da yamma, ki maimaita bayan mako guda. Da hunturu ki riƙa wanke masa ƙura.

A sabon reshe yake fure, don haka idan ya murmure ki datse kan dogayen rassan. Abin da kika yanke, mai tsawon kamar santimita 15, ki cire ganyen ƙasansa ki soka a yashi mai danshi a inuwa. Cikin wata ɗaya zuwa biyu yakan yi saiwa.