Amsar da ban ba ku ba a ƙofar gida

Kawu, ina gaisuwa da fatan alheri. Daren shekaranjiya da muka zauna ƙofar gidanku a Unguwar Zariya bayan lisha, kun yi mini tambaya, baƙi suka shigo ban samu na amsa ba. Kuka ce wane irin sarki ne Sarkin Zango, wato sarkin unguwar baƙi a Gana, ba ƙasa, ba dogari, ba haraji? Kuma ta yaya Bazabarme ko mutumin Moshi zai ce shi ɗan zango ne? Ga amsar kafin in hau mota in koma Gana.

A nan Maraɗi, Sarkin Katsina a kan ƙasar kakanninsa yake zaune. Mu a Akra ƙasar ta ƙabilar Ga ce. Sabon Zango ma, da Malam Bako, wanda asalinsu Katsina ne, ya kafa a farkon ƙarni na 20, hannun sarakunan Ga ya samu filin. To sarkinmu baƙo ne mai saukar baƙi, kuma daga nan darajarsa take fitowa. Wanda ya sauka tasha bai san kowa ba, a kai shi gun sarki. Yaro ya kwana hannun ƴan sanda, sarki zai saka babbar riga ya tafi. Mai gida da ɗan haya sun saɓa, fada za su fara zuwa kafin kotu.

A unguwar Nima ta Akra, inda aka haife ni, Zabarmawa na da sarkinsu, haka Kotokoli, Wangarawa, Fulani, Dagwamba, Yarbawa da mutanen Moshi. Kowa na sulhunta nasa. In rikici ya haɗa ƙabila biyu sai sarakunan su zauna tare, kuma da Hausa ake zaman, don ita ce harshen unguwa, har a bakin Kiristan Farafara da ya zo daga arewacin Gana. Shi ya sa "ɗan zango" a wurinmu ba jini ba ne. Wanda ya yi maka jana'iza, ka yi masa suna, shi ke nan.

Bara wani matashi daga wajen Tasawa ya rasu a asibiti, ba dangi ko ɗaya. Sarki ya sa hannu aka karɓo gawa, magajiya ta zaga gida-gida tana tara kuɗin likkafani. Mata ne fa ke riƙe da rabin wannan aiki, ko da yake ba su ake naɗa wa rawani ba. Cikin waɗanda suka fara bayarwa har da maƙwabciyata mai zuwa coci, wadda yake sayen koko wurinta kowace safiya.

Abin da na san zai fi ba ku mamaki shi ne wannan. Kowace shekara kafin Homowo, bikin gargajiya na ƙabilar Ga, sarakunan Ga kan hana kiɗa da hayaniya na wata guda, a ce coci da masallaci kowa ya maida lasifikarsa ciki. Matasanmu kan ji haushi, dattawa su ce a bi. Ba tsoro ba ne. Sun tuna 1969, lokacin da gwamnatin Firayim Minista Busiya ta ba baƙi marasa takardu sati biyu su bar ƙasar. Kakana ya ce waɗanda suka yi zaman mutunci da ƴan ƙasa, su aka riƙe wa gidaje da shaguna amana. Kuma a 2019, da babban limamin ƙasa, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, ya cika shekara 100, ya ziyarci cocin Katolika a Akra ranar Ista. Wasu sun yi surutu. Ni kam na ga dattijo ne ya je gaida maƙwabci.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai abin da ke damuna. Tun da aka kafa asusun raya zango a 2017, wasu masu rawani sun fi kusa da ƴan siyasa fiye da lungun da ruwa ke ci duk damina, kuma samari sun fara faɗar hakan a fili.

Game da ƙaramin ɗanku da ke son zuwa neman kuɗi: ya zo da takardunsa cikakku. Ran da ya sauka, kafin maganar aiki, zan kai shi ya gaida sarki da limami, sannan mu biya ta gidan tsohon Ga ɗin da muke zaune a kan filinsa.