Ashe fina-finan kaboyin nan ba na Amurka ba ne?

Tambaya: Malam, tun muna yara muke kallon fina-finan kaboyi na Clint Eastwood, duk a zatonmu aikin Amurkawa ne. Kwanan nan wani ya ce min wanda ya ba da umarninsu ɗan Italiya ne. Da gaske?

Amsa: Ɗan'uwa, gaskiya aka faɗa maka, in dai guda ukun farko da suka fito da Eastwood kake nufi. Sunan mutumin Sergio Leone, an haife shi a birnin Rum a 1929. Gado ya yi, domin mahaifinsa darakta ne tun zamanin fim marar magana, mahaifiyarsa kuma 'yar wasa. Ya daɗe yana yaron gida a bayan kyamara, har ya taya aikin fim ɗin Ben-Hur, kafin ya tsaya da ƙafarsa a 1961.

A 1964 ya yi A Fistful of Dollars da kuɗi ƙalilan. Hamadar da kake gani ta Sifaniya ce. Eastwood a lokacin ɗan wasan talabijin ne, dala 15,000 aka biya shi. Leone kansa ya ɓoye sunansa ya sa Bob Robertson don 'yan kallo su ɗauka Ba'amurke ne, ka ga ba kai kaɗai aka rufe ba. Labarin ma na aro ne, ba da izini ba: ya kwaikwayi fim ɗin Yojimbo na daraktan Japan Akira Kurosawa, Japanawa suka kai ƙara, aka sasanta Kurosawa ya samu kashi 15 cikin 100 na cinikin. Sai For a Few Dollars More a 1965 da The Good, the Bad and the Ugly a 1966.

A ganina, abin da ya bambanta shi haƙuri ne. Kaboyin Amurka mai tsabta ne, mai gaskiya. Na Leone kuwa ga gumi, ga ƙura, kuɗi kawai ya sa a gaba. Sai ya cika allo da idanun mutum, ya bar ka kana jira. Duba farkon Once Upon a Time in the West na 1968: 'yan bindiga uku a tashar jirgin ƙasa, sama da minti goma kusan ba magana, ƙuda na damun ɗaya, ruwa na ɗiga a kan hular wani. Shi harbin kuwa daƙiƙa kaɗan ne. Kiɗan kuma na Ennio Morricone ne, abokin karatun Leone a firamare, wanda a wannan fim ya gama kiɗan kafin a fara ɗauka, ana kunna wa 'yan wasa suna aiki.

Ƙarshen Leone da ɗan takaici. Fim ɗinsa na ƙarshe, Once Upon a Time in America na 1984, minti 229 ne, masu rarrabawa a Amurka suka datse shi zuwa 139, ya faɗi a kasuwa. Ciwon zuciya ya yi ajalinsa a Afrilun 1989 yana da shekara 60, yana cikin shirin fim kan ƙawanyar da Jamusawa suka yi wa birnin Leningrad na Rasha a yaƙin duniya na biyu.