Wakilin AI yana kiran kayan aikin da ba shi ba: yadda ake gwada bayanin

Ƙanena, ka ce wakilin AI ɗin (manhajar da ke amsa masu saye tana kiran ƙananan ayyukan da ka ba ta, wato kayan aiki) da ka haɗa wa wani shagon hatsi da wake a nan Maraɗi yana kiran kayan aikin "nemo_kaya" a inda ya kamata ya kira "duba_farashi", wani lokacin kuma ya cika adadin kuɗi ba daidai ba, kuma kana son sanin yadda za ka gane ko bayanin da ka rubuta wa kayan aikin ne ke da laifi. Galibi shi ne.

Wakilin ba ya ganin abin da ke cikin manhajarka. Game da kowane kayan aiki, abu uku kawai ke isa gare shi kafin ya kira shi: sunan kayan aikin, bayaninsa, da tsarin guraben da zai cika, wanda ake rubutawa da JSON Schema, wato ƙa'idar fayyace irin bayanin da kowane gurbi ke karɓa. Haka yake tun da OpenAI ta fito da kiran kayan aiki a watan Yunin 2023, haka kuma yake a MCP, tsarin haɗa wakilan AI da kayan aiki, da Anthropic ta saki a Nuwamban 2024. Duk abin da ka sani a kanka ba ka rubuta ba, a wurinsa babu shi.

Don haka gwajin farko ba ya buƙatar kwamfuta. Ka kwafe waɗannan abubuwa uku, ka miƙa wa wanda bai taɓa ganin aikin ba, ka karanta masa tambayoyi goma irin na masu saye, ya faɗi wane kayan aiki zai ɗauka da abin da zai sa a kowane gurbi. Duk inda ya tsaya ya tambaye ka, nan bayanin ya gaza. Shi mutum zai tambaya, wakilin kuwa sau da yawa cankawa yake yi ya wuce.

Batun kuɗi shi ya fi cin mutane a garin nan. Idan gurbin ya ce "kuɗi" kawai, mai saye ya rubuto "dala ɗari", wakilin zai iya sa 100, alhali sefa 500 ake nufi. "Jika biyu" kuma 2000 ne. Ga baƙin Jibiya da Katsina masu lissafi da naira, ita kuma naira wasu hanyoyin biyan kuɗi a kwabo suke karɓarta, sefa kuwa ba ta da kwabo. Sai ka rubuta ƙarara: in sefa ce, adadi a sefa, lamba ba ɗigo, dala ɗaya sefa 5, jika ɗaya sefa 1000. Ka ware gurbi na daban don nau'in kuɗi, mai zaɓi biyu rak, XOF (sefa) ko NGN (naira). Awo ma haka: tiya, buhu, kilo, a jerin zaɓi, tare da faɗin ko buhun na kilo 50 ne ko na 100. Kwanan wata ka tilasta shekara-wata-rana, domin 03/04 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a Amurka 4 ga Maris.

Ruɗanin kayan aikin nan biyu kuwa, ka ajiye bayanansu gefe da gefe. In jumla ɗaya za ta iya zama a ƙarƙashin kowannensu, ba su rabu ba. Kowanne ya faɗi lokacin da ake kiransa, lokacin da ba a kiransa, da abin da yake maidowa. In har kullum tare ake kiransu, ka haɗe su wuri ɗaya ka huta.

Sai gwaji na gaske. Ka tara tambayoyi kamar 30 daga ainihin saƙonnin WhatsApp na shagon, bayan ka goge sunaye da lambobin waya, da Hausarsu da Faransancinsu da kurakuran rubutunsu. Ka sa kusan kashi ɗaya cikin uku su zama waɗanda ba sa buƙatar kowane kayan aiki, kamar gaisuwa ko tambayar hanya. Kowace ka rubuta amsar da kake sa ran gani tun kafin gwaji. Ka maimaita kowace sau biyar, saboda wakilin ba ya ba da amsa iri ɗaya kullum, nasara sau ɗaya ba shaida ba ce. Abin ƙirgawa: ya zaɓi daidai, ya cika gurabe daidai, kira nawa ya yi kafin ya gama. Ka gyara abu ɗaya a bayanin, ka sake gwadawa. In ka canza uku lokaci guda ba za ka san wanne ya yi magani ba. Ka kuma ɓoye tambayoyi goma da ba za ka duba ba sai ƙarshe, in ba haka ba za ka ɗinka bayanin daidai jikin tambayoyinka kawai.

Saƙon kuskure ma bayani ne, kuma ana yawan mantawa da shi. "Kuskure 400" ba ya koya wa wakilin komai, zai sake aiko da abin nan dai. "Ba a san awon 'kwano' ba, zaɓi tiya, buhu ko kilo" yana sa ya gyara da kansa a kira na gaba.

In kuma kana ɗauko kayan aikin MCP da wasu suka rubuta, ka karanta cikakken bayaninsu kafin ka haɗa. Wakilin yana iya bin abin da ke ciki kamar umarni, kuma an sha nuna yadda ake ɓoye umarnin kwashe bayanan mutane a cikin irin wannan rubutu.