Kafin ka sayi wasan kati mai dogon zango

Tambaya: Mu huɗu ne abokai a Kaduna, mun gaji da Whot, muna son wasan da za mu haɗa kai mu yaƙi abokin gaba ɗaya, labari yana ci gaba daga zama zuwa zama. An ce mana Aeon's End. Kuɗinmu na akwati ɗaya ne: cikin nau'o'insa, Legacy ko The New Age?

Amsa: Ɗan'uwa, ku sayi The New Age. Bari in faɗi dalili.

Kevin Riley ne ya ƙirƙiri Aeon's End, ya fito a 2016. Kowannenku matsafi ne mai kare garin Gravehold daga wani dodo. Za ka fara da kati 10 marasa ƙarfi, kana sayen duwatsu masu daraja, kayan tsafi da sihiri daga kasuwar da ke tsakiyar tebur. Abin da ya raba shi da sauran wasanni irinsa shi ne ba a cuɗa kati. In tarinka ya ƙare, sai ka kifar da waɗanda ka yar, ka ci gaba da ɗiba. Don haka yadda ka jera su wajen yarwa shi ne abin da zai dawo hannunka gaba. A nan daɗin yake, ranar da mutum ya gane haka sai ka ga ya daina hira yana lissafi.

Legacy babi 7 ne. Kai za ka gina matsafinka, ka raɗa masa suna, kana manna takardu a kan kati, ana buɗe abubuwan da aka rufe yayin da labari ke tafiya. Yana shiga rai ƙwarai, ban musa ba. Amma yana buƙatar mutanen nan huɗu su dawo sau bakwai ko fiye. Yau wane yana gidan biki, gobe wane ya yi tafiya, ga matsafinsa a akwati yana jira. Wasanni irin wannan sun fi mutuwa a kan rashin haɗuwa, ba a hannun dodo ba. Kuma abin da aka manna ya mannu.

The New Age, na 2019, ya zo da tsarin yaƙi 4 a jere. Tsakanin yaƙi da yaƙi kuna samun sababbin kati da taskoki, dodo ma yana ƙara ƙarfi. Ba a lalata komai, in kun gama sai ku sake da wasu matsafa. Ga wanda zai biya kuɗin jirgi da na kwastan kafin akwati ya iso hannunsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ku tabbata dai kowa yana iya karanta Turancin da ke kan kati. Akwai kuma manhajar wasan na asali a waya da kwamfuta, ku gwada ta tukuna.

Tambaya: Yayana ne ya fi mu iyawa, kullum shi ke faɗa wa kowa katin da zai ajiye. Muna cin nasara, amma ni na daina jin daɗi.

Amsa: 'Yar'uwa, gaskiyarki. Wanda ba ya yanke shawara ba wasa yake yi ba, riƙe kati kawai yake. Ki same shi kafin a zauna, ba a tsakiyar yaƙi ba, ki ce: "Yaya, ka bari sai na tambaye ka." Ku yarda a tattauna babbar manufa tare, wa zai kai hari, wa zai warkar, amma mai juyi shi ke da maganar ƙarshe. Za ku sha kaye wani lokaci. Ku sake buga yaƙin.

Tambaya: Na ga Legacy na hannu da araha. In saya?

Amsa: Sai ka tambayi mai shi ko an manna takardun, ya turo maka hoton cikin akwatin. In an buga shi, labarin ya riga ya tonu, sai ka nemi kunshin sabuntawa da ake sayarwa daban, ka haɗa kuɗin biyun ka gani ko arahar tana nan.