Anti, Zan Iya Zuba Yaji a Kwanon da Na Yi da Lakar Leda?

Tambaya: Salamu alaikum Anti, ina wuni, ya aiki. Wata 'yarki ce daga Tudun Wada, Zariya. Na sayi lakar nan ta cikin leda wacce ba sai an gasa ba, iska kawai ke busar da ita, irin wacce ake ta nunawa a TikTok, na yi ɗan kwanon yaji da abin ɗora cokali zan sa a kayan kicin ɗina don bikina bayan sallah ne. To da safe na tarar kwanon ya tsage ta gindi, kuma ƙawata ta ce wai ba a zuba abinci a ciki. Da gaske ne ko baƙin ciki take min?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya sanya alheri ya kai mu lokacin. Ki daina zargin ƙawarki, gaskiya ta faɗa miki.

Wannan laka, ko samfurin nan mai suna DAS ce ko wata, bushewa kawai take yi, ba ta taɓa zama tukunya. Tukunyar ƙasa da randa da tandar masa sai sun sha wuta mai ɗaruruwan digiri, a nan ne yumɓun ke canjawa gaba ɗaya har ruwa ya daina narkar da shi. Taki kuwa ko ta shekara da bushewa, kika jiƙa ta za ta koma laushi, ga shi tana shan mai tana shan danshi, ko kin shafa mata banish (man ƙyallin nan da ake shafawa bayan fenti) ba ta zama abin cin abinci ba don shi kansa banish ɗin ba na ci ba ne. Saboda haka yaji, gishiri, daddawa, man shanu, duk a'a. Kuma don Allah kar ki yi kaskon turaren wuta da ita, na san amare da turare, wasu irinta akwai zaren takarda a ciki, ba ta jure garwashi.

Amma fa tana da nata amfanin. Ki yi ɗan faranti na magi wanda ke cikin takardarsa, mazubin ashana ko tsinken sakace, tire na ajiye zobe da awarwaro lokacin wanke-wanke (nesa da famfo dai), ko 'yan tumatir da attaruhu ki manna musu maganaɗisu a baya ki liƙa a firij, waɗannan suna kyau sosai. Yajin kuma ki zuba a kwalba, sai ki yi wa kwalbar gida da lakar daga waje.

Zancen tsagewa, yawanci saurin bushewa ne, sama ya bushe ciki na da ruwa, balle a hunturun Zariya da iskar ke tsage leɓe ma. Ki murza ta daidai, kauri kamar milimita 5 ko'ina, kar gindi ya fi gefe kauri. Kar ki kai ta rana, kar ki sa ta gaban fanka, ki ajiye a ɗaki ki ɗan rufa mata leda sako-sako a ranar farko, washegari ki juya ta. Kwana 2 zuwa 3 take ɗauka, da damina ya fi haka. Wanda ya tsage ma kar ki yar, ki dama 'yar laka da ruwa ta yi kauri ki cike wurin, in ya bushe ki goge da samfefa mai laushi, sannan fentin akirilik, sannan banish shafi biyu. Gogewa ake yi da busasshen tsumma, ba a wankewa.

In kuma ranki na kan kwanon da za a ci abinci a ciki ne, to ai kina Zariya. Sashen zanen masana'antu na ABU a Samaru suna koyar da ginin tangaran da gasa shi, kuma jami'ar nan ce ta ba Ladi Kwali, maginiyar da ke bayan naira 20, digirin girmamawa a 1977. Kafin nan dai ki leƙa wajen masu tukwane a kasuwa ki sayi gasasshen kasko na turarenki.